Kada Ka Ce Masa Baba

Ban je Riyad don in yi wa wani tsohon firaminista tuƙi ba. Na je ne in ɗan nema, in rufe wa mahaifina ɗaki da kwano, in koma Tasawa in ci gaba da harkata. Wanda ya kai ni ya ce direban gida zan zama a unguwar Badi'a. Gidan kam na gan shi, ta tagar mota, muna wucewa. Can bayan gari aka sauke ni, inda babu komai sai raƙuma da tankin ruwa da wani ɗan Sudan da ya daina yi wa mutane magana. Kafilina, wato mutumin da zamana a ƙasar yake hannunsa, ya karɓe fasfona ya ce zai adana mini.

A can duk mai aikin gida Baba yake ce wa maigida, ni kuwa abin bai yi mini nauyi ba, don da shi na tashi. A garinmu duk mai furfura Baba ne. Ran Juma'a in kafili ya zo da buhun shinkafa sai in ce, "Baba, maganar mota fa?" Ya ce, "Bukra, in sha Allah." Goben nan tasa har yau ba ta waye ba.

Da na ga zan zama kamar ɗan Sudan ɗin nan, sai na roƙi mai kawo mana ruwa, wani ɗan Pakistan, ya fitar da ni. Ya buɗe mini ƙofa kawai, ya rufa mini tsohon bargo a kai har muka wuce shingen 'yan sanda. Ko sunansa ban sani ba. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake.

A unguwar Nasim, cikin Riyad, na faɗa hannun Malam Habu, mutumin Damagaram, tsohon direba mai bakin tsiya da zuciyar kirki. Shi ya gaya mini cewa kafili ya rubuta mini hurub, ya kai rahoto cewa na gudu. Ma'ana ba ni da ikon aiki, ba ni da ikon fita ƙasar ta ƙofa, in aka kama ni kuma sai gidan tsare 'yan kora, inda babu mai ce maka ga ranar fita.

"Ka zama aljani ke nan, Laminu," in ji shi. "Kana nan, amma ba ka nan. Zo ka ci tuwo."

Ina wankin motoci a ɓoye lokacin da ƙanwata Hadiza ta fara yi mini wata irin magana a waya. Wai Baba ya sa buta a cikin rumbu yana ta nemanta. Wai ya tambaye ta ko Inna ta dawo daga rijiya, Innar da muka binne tun ina saurayi. Sai ta miƙa masa wayar, in ji muryarsa garau: "Laminu, yaushe za ka baro Makkan nan?" A wurinmu duk ƙasar Saudiyya Makka ce. In ce, "Na kusa, Baba." In ya miƙa mata sai ta rage murya ta ce, "Yaya, ka yi ƙoƙari ka zo tun yana gane ka."

Wannan maganar ita ta zauna mini a ƙirji. Ba kwanon rufi nake tunani ba kuma. In isa gida, in ce Baba, ya ce Laminu. Shi ke nan abin da nake nema a duniya.

Malam Habu ne ya samo mini hanya. Wata likitar ido 'yar ƙasar Yukiren, da kowa ke ce wa Daktora, tana neman wanda zai riƙa tuƙa mahaifinta a unguwar Ulaya. Direbobi da dama sun gwada sun gudu. Na gaya mata gaskiyar halin da nake ciki da guntun Larabcina. Ta dube ni ta cikin tabarau ta ce akwai mai bi musu takardu a wurin aikinta, za ta sa shi ya bi kafilina har a ɗage hurub ɗin, a mai da ni hannunta, sannan ta ba ni izinin zuwa gida in dawo. Abin zai ɗauki lokaci. Ni dai in riƙe mata tsohon.

Ran da na fara, na same shi a falo, dogon tsoho fari fat, da kwat da laktaye da hular Turawa a kan gwiwa, kamar mai jiran a kira shi ɗaurin aure. Na durƙusa yadda aka koya mini, na ce, "Baba, barka da asuba."

Wallahi ban ga lokacin da kofin shayi ya baro hannunsa ba. Ƙararsa na ji a bango bayan kunnena. Ya miƙe yana wata irin tsawa da yarensu, idanunsa ba ni suke kallo ba, suna kallon wasu mutane da ke bayana, alhali babu kowa a bayana sai labule. Daktora ta rungume shi tana lallashi har ya zauna. Ta jawo ni kicin, fuskarta ta yi jawur.

"Kada ka ƙara ce masa Baba. Ko a mafarki. Ka ce masa Pan, wato ranka ya daɗe a yarenmu. Ran da ka sake faɗin wancan, a ranar za ka bar gidan nan, da takarda ko babu."

Na koma Nasim jiki a sanyaye na ba Malam Habu labari. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ka gaida mutum ya jefe ka da kofi! To ai baki shi ke yanka wuya. Fan aka ce ka ce? Ka ce Fan. Ko fanka aka ce ka ce masa, ka ce fanka, kai da kake neman hanyar gida."

Haka na zama mai gadin bakina. Kalmar da na fara furtawa a duniya ita na riƙa haɗiyewa kullum kamar ƙwayar magani.

Aikin kansa babu wuya. Kowace safiya zai shirya tsaf, ya ɗora babban kwat na sanyi a kan ƙaramin, a garin da kwalta ke narkewa. Kafin mu fita sai ya nuna mini kujera, shi ma ya zauna, mu yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya bugi gwiwa ya miƙe. Daktora ta ce al'adarsu ce, ba a kama hanya sai an ɗan zauna, don tafiya ta yi kyau. A mota ya shige baya ya ce, "Majalisa." Yana jin Faransanci, ni ma ina da ɗan abin da na kwaso a firamare, da shi muke lallaɓawa. Sai in yi ta zagaye da shi a tsakanin dogayen benayen Ulaya, yana ɗaga wa masu gadin kantuna hannu, suna ɗaga masa. Wani lokaci ya juya ga kujerar da babu kowa ya yi ta faɗa a kan alkama da iskar gas da albashin ma'aikata, ya saurara, ya girgiza kai kamar an ba shi amsar banza. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, don wani lokaci sai in ji kamar motar ta yi nauyi.

Yakan leƙo ta madubi ya ce, "Direba, me mutane ke cewa a kaina?"

"Alheri, Fan."

"Ƙarya kake. Amma ka iya ta."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk abin da Hadiza ta gaya mini Baba ya fara, sai in tarar tsohon nan ya riga ya wuce wurin. Kamar an ɗora ni a mota ana nuna mini tashoshin da ubana zai bi. Ran da ya dubi Daktora, 'yar cikinsa, ya ce mata ta kira masa sakatariyarsa ta gaskiya, na fita waje na tsuguna a gindin mota na yi kuka. Ba don su na yi ba, ba zan ɓoye ba.

Wata rana na ɗauko Daktora daga asibiti, cunkoso ya tsare mu, sai ta fara magana ba tare da na tambaya ba. Ta ce mahaifinta maraya ne, kakarsa ce ta raine shi a wani ƙaramin gari mai masana'antar sukari, inda suke yin sukari da wani tushe mai kama da dankali. A nan ya fara aiki da shebur. Ya yi karatu ya zama injiniya, ya zama shugaban masana'antar, aka kai shi jiha, aka kai shi babban birni ya yi minista, har ya hau kujerar firaminista, ko da yake bai daɗe a kanta ba. Mutanen garin suna alfahari da shi kamar su suka haife shi. Sai ga shi gwamnatinsa ce ta yanke a rufe masana'antu da yawa, har da tasu. Aka ce ya aika wakili. Ya ce a'a, shi zai je da bakinsa.

"Ya tsaya a ƙofar masana'antar, cikin ƙanƙara, duk garin yana gabansa," in ji ta. "Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Sai hawaye. Wani daga baya ya yi ihu da kalmar nan, sauran suka ɗauka, har ta cika filin."

Na ce, "To mene ne a ciki, Daktora?"

"A yarenmu baba tsohuwa ce. Kaka. In aka ce wa namiji haka, an ce masa rago, matsoraci, wanda ba namiji ba. Sunan ya bi shi har majalisa, har jaridu. Bai ƙara tashi ba." Mota ta ɗan matsa. "Kuma tasa babar, ta gaskiya, tana zaune a tagarta a tsallaken titi tana ji. Ta tsufa ƙwarai. Ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Kunya ta hana shi zuwa jana'iza. Yanzu kuwa ko yana so, yaƙi ya rufe hanyar garin."

Kai, duniya! Kalma ɗaya, a bakina girmamawa, a kunnensa zagi da kabari. Rashin sani ya fi dare duhu.

Watanni suka ja. Mai bin takardu kullum sai ya ce kafili ya ce bukra. Hadiza ta ce Baba ya fara kiranta da sunan Inna, amma har yanzu in waya ta yi ƙara yakan ce, "Laminu ne?" Na riƙe wannan kamar igiyar guga.

Ran da abin ya faru tsakiyar zafi ne, irin ranar da ko kyanwa ba ta tsallaka titi. Na dawo daga sallar azahar a masallacin bayan layi, na tarar da ƙofar gida a buɗe, mai aikin gidan tana tsaye tana salati da yarensu. Ta shiga wanka ta fito ba ta gan shi ba. Na zubar da takalma na ruga. Layin farko babu, na biyu babu. Da na fito bakin babban titi sai na hango baƙin kwat a can gaba, shi kaɗai a cikin farar rana. Ya riga ya sauka daga dakalin masu tafiya. Tafiya yake a miƙe, kai a sama, irin ta mutumin da ya saba a tsayar masa da motoci. A titin nan kuwa babu mai tsayawa ko don uwarsa.

Na yi ihu, "Fan! Fan!" Ko gezau. Na kira sunansa na yanka. Bai ji ba, ko ya ji bai san mai sunan ba. Tsakanina da shi akwai nisa, ga wata babbar motar siminti ta taho a layin da zai sa ƙafa.

Mutane suna cewa a irin wannan lokaci ba a tunani. Ni na yi. Na ga fuskar Daktora a kicin, na ga gidan 'yan kora, na ga ubana a zaure yana tambaya ko Laminu ne. Duk na gani. Na kuma san kalma ɗaya ce tak a duniya da za ta huda kunnen tsohon nan. Na cika ƙirjina na kwarara ta yadda ban taɓa kwarara komai ba.

"BABA!"

Ya tsaya cak. Motar ta wuce ta gaban hancinsa da hon, iskarta ta fizge hularsa ta yi gaba da ita. Na isa na cafke hannunsa na jawo shi baya, ina jiran mari, ina jiran tsawa. Sai ya juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ta zama fuskar yaro da aka ce masa ga uwarka can ta dawo daga kasuwa.

Ya ce, "Ina take?"

Ya riƙe rigata da hannu biyu. "Kai ka kira ta. Ka gan ta? Ba ta yi fushi ba?"

Na ce, "Ba ta yi fushi ba. Mu je gida ka sha ruwa."

Da Daktora ta dawo ban jira mai aiki ta riga ni ba. Na tsaya a bakin falo, tafin ƙafafuna duk sun yi bororo, na gaya mata komai, har da kalmar. Na ce kayana suna cikin leda, a shirye nake. Ta daɗe tana kallon ƙafafuna. Sannan ta ce, "Ku a yarenku me take nufi?"

"Uba."

Ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu. Da ta buɗe sai ta ce in zauna ta duba mini ƙafa, ita da take likitar ido.

Ba ta kore ni ba. Amma daga ranar tsohon bai ƙara cewa majalisa ba. Ya daina faɗa da kujerar da babu kowa. Zai shirya, mu zauna, ya bugi gwiwa, ya shiga mota ya ce, "Wurin baba." Sai in yi ta zagaye da shi a Ulaya, yana manne da gilashi yana neman wata taga a tsallaken wata masana'anta. In rana ta yi ya ce, "Sun canja hanyar." In ce, "Sun canja, gobe ma gwada ta wani wajen." Ni da aka kashe da bukra, ga ni ina rabawa. Wani lokaci in ya gaji ya kwantar da kai, sai in ji yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu, ya saurara, ya yi murmushi. Ban taɓa yarda na dubi madubi a irin wannan lokacin ba.

Takarduna suka fito bayan na fid da rai. Malam Habu ya raka ni na yi sallama, yana ta mita wai zan bar shi da wankin kwanoni. Na ɗauki jakata zan fita, sai tsohon ya ɗaga yatsa.

"Zauna. Ba a kama hanya a tsaye."

Muka zauna, ni da shi da Daktora da Malam Habu, wanda ya rasa abin da ake yi amma ya kama bakinsa, abin da ban taɓa gani ba. Tsohon ya bugi gwiwa. Ya kamo hannuna ya ce, "Kai za ka riga ni isa. Ka ce mata ina nan tafe."

Na ce, "To, Baba." A hankali na faɗa. Daktora ta ji, ba ta hana ni ba.

Na isa Tasawa da hantsi. Tun daga bakin layi na hango shi a ƙofar zaure, a kan tabarma, ya juya fuska wajen hanyar tasha. Ya rame, amma shi ne, har da jar hularsa. Na ajiye jaka a tsakiyar hanya na ƙarasa, na durƙusa, na saki kalmar da na yi ta ɓoyo a ƙarƙashin harshe.

"Baba."

Bai juyo ba. Na matsa na taɓa gwiwarsa. "Baba, ni ne. Laminu."

Ya dube ni da kyau, da ladabi, yadda ake duban baƙon da ya yi ɓatan kai. Hadiza tana tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi.

"Sannu da zuwa, ɗan samari," in ji shi. "Laminu ba ya nan, yana Makka. Amma ya ce ya kusa. In ba ka sauri, zauna mu jira shi."

Ya matsa mini a kan tabarmar. Na zauna.